Matsalar Mitsila

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe ta kai wa malaminta shafi biyu, inda ta bayyana abin da take son rubuta kundinta a kai. Batun shi ne wasa da kalmomi, wato rahar da ake yi ta hanyar taɓa sauti ɗaya cikin kalma har ma'ana ta karkace, mai sauraro ya ji abu biyu a lokaci guda. Malamin ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce: "Ƴata, wannan ai abin hira ne a gindin bishiya. Ga karin sauti nan, ga ajin aikatau, ga Adaranci da Damagaranci suna jiran masu nazari. Ki nemo batu mai nauyi." Ta ce, "To, Malam," ta naɗe takardunta. Ba ƙeta ce ta sa ya faɗi haka ba. Yana gudun ranar da za ta tsaya gaban masu tantance kundi su yi mata irin murmushin nan da ya fi zagi ciwo.

A cikin makon ne ƙanenta, wanda ke karatun ilimin halittu, ya zo mata da tambaya. A darasinsu an ambaci wata ƙwayar gado da masana suka gano a jikin ƙudan ƴaƴan itace a shekarar 2000, suka sa mata suna tribbles. Idan ta samu tangarɗa, ƙwayoyin jikin ɗan tayin ƙudan sai su yi ta rabuwa kafin lokacinsu. Yana son yayarsa ta gaya masa ko kalmar Latinanci ce ko Girkanci. Suka bi sawu tare, sai ga su a gaban wani tsohon shirin talabijin na Amurka.

Shirin shi ne Star Trek, ƙagaggen labarin kimiyya game da wani kumbo mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari. Tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1966, aka yi kashi 79 cikin zango uku. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shi, ya so a ɗauke shi da muhimmanci: ta bakin mutanen wasu duniyoyi ake maganar yaƙi da wariyar launin fata da cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Sai ranar 29 ga Disamba 1967 aka nuna wani kashi mai suna "The Trouble with Tribbles", wanda wani matashi ɗan shekara 23, David Gerrold, ya rubuta. Shi ne rubutu na farko da ya taɓa sayarwa.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. An kira Kyaftin Kirk da kira irin na tashin hankali zuwa wata tashar sararin samaniya mai suna K-7, yana isa ya tarar gadin rumbun hatsi ake so ya yi. Hatsin na wata duniya ne da mutanen Kirk da abokan gabarsu, wato ƴan Klingon, ke jayayya a kanta. Ana cikin haka wani ɗan koli ya ba Uhura, jami'ar sadarwa ta kumbon, wata ƴar dabba kamar dunƙulen gashi, ba ido ba ƙafa, wadda ke gurnani mai daɗi idan mutum ya shafa ta, amma ta yi ihu idan ɗan Klingon ya matso. Ci da haihuwa ne kawai aikinta. Likitan kumbon ya ce ga alama da ciki ake haifar su. Kwana uku bayan nan Kirk ya buɗe ƙofar rumbu, suka zubo masa a kai har suka binne shi zuwa ƙirji. Da yawansu matattu ne, domin an sa wa hatsin guba, kuma ihunsu ne ya tona asirin ɗan leƙen asirin Klingon da ya sake kama ya zama mutum. A ƙarshe injiniyan kumbon, Scotty, ya kwashe waɗanda suka cika Enterprise ya tura su ɗakin injin kumbon abokan gaba, ya rufe labarin da cewa a can ba za su zama wata "tribble" ba, inda kunne ke jiran ya ji "trouble".

Ƙanen ya yi dariyar dabbobin. Ita kuwa kalmar ce ta riƙe ta. Trouble, mai nufin matsala, da tribble, wasali ɗaya ne ya raba su, kamar gida da gada a rubuce. Kuma tilas ce ta haifar da kalmar. Gerrold ya fara kiran dabbobin fuzzies, sai aka lura cewa marubuci H. Beam Piper ya riga ya fitar da littafi mai suna Little Fuzzy a 1962. Gudun shari'a ya sa ya zauna ya jera kalmomi marasa ma'ana, ya zaɓi guda. Da lauyoyi ba su tsoma baki ba, da babu taken, babu barkwancin rufewa, kuma da ƙwayar gadon ƙudan nan wani suna take amsawa.

Daga nan ɗalibar ta shiga karanta abin da masoya shirin suka yi da wannan kashi, kuma a nan ne ta ci karo da malaminta cikin wasu kamanni.

Akasarin masu kallo sun so shi tun farko. Lambar yabo ta Hugo, wadda masu karatu da masu kallon labaran kimiyya ne da kansu ke kaɗa ƙuri'arta a babban taronsu na shekara, ta nuna hakan a 1968: duk ayyuka biyar da suka kai matakin ƙarshe a rukunin wasan kwaikwayo kasusuwan Star Trek ne, kuma na Gerrold na ciki. Amma bai ci ba. "The City on the Edge of Forever" na Harlan Ellison ne ya ci, labarin da Kirk ke barin matar da yake ƙauna ta mutu don tarihi ya tafi daidai. Masoyan sun kai dariya har bakin ƙofa, sai suka miƙa kambun ga hawaye. A cikin gidan ma ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Gene Coon, furodusan da ya sayi labarin, mai son raha ne. Robert Justman, ɗaya daga cikin manyan masu shirya shirin, ya bayyana daga baya cewa bai taɓa son kashin ba, don a ganinsa jaruman sun koma kwaikwayon kansu. Da Gerrold ya kawo ci gaban labarin a zango na uku, sabon furodusa Fred Freiberger ya ƙi karɓa. A ruwayar Gerrold, hujjarsa ita ce Star Trek ba wasan barkwanci ba ne. Sai a 1973 aka yi ci gaban, shi ma a shirin zane-zane.

Mai karatu na iya gaggawar yi wa masu ƙin dariyar hukunci, amma ya kamata a duba halin da suke ciki. A Amurka ta wancan zamani ana ɗaukar labarin kimiyya a talabijin abin yara ne, na dodanni da bindigogin roba. Waɗanda suka so Star Trek sun so shi ne don ya fitar da su daga wannan raini. Kuma a daidai makonnin da aka nuna kashin ne jita-jita ta bazu cewa NBC za ta soke shirin. Bjo Trimble da mijinta John suka shirya gangamin rubuta wasiƙu, ɗaliban jami'ar Caltech suka yi tattaki zuwa ofishin tashar a Burbank cikin Janairun 1968, har NBC ta sanar a watan Maris cewa shirin zai ci gaba. Mutumin da ke rubuta wa shugabannin tasha cewa wannan shiri na masu ilimi ne, ya juya ya ga gwarzonsa a binne cikin dunƙulen gashi, ba abin mamaki ba ne idan gabansa ya faɗi. Wanda aka daɗe ana yi wa dariya yakan ji kowace dariya kamar tasa ake yi.

Wannan tsoro ya bar tabo har a sunan da masoyan ke kiran kansu. Akwai Trekkie, akwai Trekker, kuma an shafe shekaru ana musu a kai. Ga ɗalibin ginin kalma, musun a ɗafa-ƙeya yake. Ta farko ɗafa-ƙeyar ƙanƙantawa ce a Turanci, irin wadda ake maƙala wa sunan yaro ko kare; ta biyu kuwa ta mai aikatawa ce, takwarar abin da Hausa ke yi a manomi da maɗinki. Wasu suka ce su ba yara ba ne, a kira su da suna na biyu. Wasu suka rungumi na farko da gangan, suna ganin mai gudunsa ya cika ɗaukar kansa da zafi. Ɗalibar ta lura cewa musun da ake yi kan kashin Gerrold ne dai aka sake yi a kan gaɓa ɗaya.

Abin da ta fi daɗewa a kai shi ne yadda rahar kashin ke aiki, domin ba ta yarda da Justman ba. Babu jarumin da ya fita daga halinsa. Kowa ya tsaya cikin salon maganarsa da aka san shi da shi, abin da ake magana a kai ne kawai ya ƙanƙance. Spock, mataimakin kyaftin wanda ba ya nuna motsin rai, da aka yi maganar yawan dabbobin sai ya ba da adadi dalla-dalla: 1,771,561. Lissafin kuma daidai ne. Dabba ɗaya, ƴaƴa goma kowace awa goma sha biyu, tsawon kwana uku, wato sha ɗaya a ninka ta da kanta har sau shida. Da wannan murya yake lissafa nisan tauraro ko saura minti nawa kumbo ya tarwatse. Wanda bai taɓa jin sa yana yin haka a bakin mutuwa ba, ba zai ga abin dariya a nan ba. Haka Scotty: a mashaya wani ɗan Klingon ya zagi Kirk son ransa, Scotty ya hana yaransa tashi, ya ce ai magana ce kawai. Da mutumin ya ce Enterprise shara ce, sai Scotty ya kai naushi. Daga baya dole ya tsaya gaban Kirk ya yi bayanin dalilin da zagin kyaftin bai tunzura shi ba amma zagin jirgi ya tunzura shi. Chekov, matashin jami'i ɗan Rasha, yana ta da'awar cewa a Rasha aka ƙirƙiro komai, har da giyar Sikotlan. Ba'ar na cin ta ne kawai ga wanda ya san su. Dariyar nan gwajin sani ce, kuma wanda ya fi dariya shi ne wanda ya fi ɗaukar shirin da gaske.

Ɗan Nijar ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Bafillace da Babarbare na iya jifan juna da maganar da, in wani ne ya faɗe ta, sai an kai ga sarki. Dangantakar ce ke halatta wasan, wasan kuma yana tabbatar da dangantakar. Hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Kwatancin ba ya tafiya har ƙarshe, don masoya shirin talabijin ba su gaji junansu daga kakanni ba. Amma ƙa'idar wa ke da izinin yin wasa tana nan. A Disamba 1986 William Shatner, wanda ya fito a matsayin Kirk, ya shiga shirin barkwanci na Saturday Night Live ya yi wani ɗan wasa inda yake gaya wa taron masoyan Star Trek su je su nemi abin yi a rayuwa. Fuska ɗaya ce da wadda aka binne a rumbu, amma wannan karon da yawa sun ji haushi, domin ya tsaya ne a wajen da'ira yana nuna su da yatsa ga baƙi.

Lokaci ya yanke hukunci a gefen Gerrold, a taƙaice. Da aka zo bikin cikar Star Trek shekara 30 a 1996, masu shirya Deep Space Nine, ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka gaje shi, suka nemi tsohon kashi guda da za su koma cikinsa don girmamawa. Wannan suka zaɓa. A "Trials and Tribble-ations" an cusa sababbin ƴan wasa cikin tsofaffin hotunan 1967 da dabarar kwamfuta, Charlie Brill ya dawo a matsayin ɗan leƙen asirin yana tsoho, Gerrold da kansa ya gifta cikin kayan ma'aikatan kumbo. Masu kallo sun daɗe da lura cewa bayan an binne Kirk, dabbobin sun ci gaba da faɗo masa a kai ɗaya bayan ɗaya. Sabon kashin ya nuna cewa jarumansa biyu ne ke cikin rumbun suna jefar da su yayin da suke neman bam. Shi ma ya kai matakin ƙarshe na Hugo a 1997, shi ma bai ci ba.

Sai dai a cikin wannan kashi na 1996 akwai wani abu da ya nuna cewa tsoron dariya bai mutu ba. Ƴan Klingon na 1967 goshinsu sumul yake kamar na kowa, don kuɗin kwalliya kaɗan ne. Daga fim ɗin 1979 aka ba su goshi mai tudu-tudu. Da aka haɗa tsoho da sabo a ɗaki ɗaya, abokan Worf, ɗan Klingon na sabon shirin, suka dube shi suna neman bayani. Ya ce dogon labari ne, kuma ba sa tattauna shi da bare. Marubutan sun yi nufin a yi dariya a wuce, tun da kowa ya san amsar gaskiya tana ɗakin kwalliya. Wasu masoyan suka ƙi wucewa. Tun da an faɗi maganar a cikin labari, a wurinsu ta zama tarihi mai neman dalili, aka yi ta ƙirƙiro bayanai. A 2005 shirin Enterprise ya ware kashi biyu cur ya bayyana cewa wata cuta ce da gwajin ƙwayoyin gado ya haifar ta shafe goshin. Aka kashe kusan awa ɗaya da rabi ana amsa barkwancin daƙiƙa kaɗan.

Akwai kuma abin da dariyar ta rufe, wanda ɗalibar ta ga kamar ba a cika tsayawa a kansa ba. Gerrold ya ce abin da ke ransa shi ne zomayen da aka kai Ostareliya suka hayayyafa suka cinye ƙasa, wato labarin halittar da aka raba da mahallinta. A ƙarshen kashin 1967 an tura dubban dabbobi marasa laifi hannun waɗanda suka tsane su, kowa na kan gadar kumbo yana ƙyalƙyala dariya. A 1996 Worf ya faɗi abin da ya biyo baya: ƴan Klingon sun tura mayaƙa sun farauce su, sun rusa duniyarsu ta asali, sun ƙarar da jinsin. Nan ma da ba'a aka amsa masa. Masu cewa kashin ba shi da nauyi ba su duba nan ba, masu kare shi ma ba su cika dubawa ba.

Musun bai ƙare ba har yau. A Agustan 2023 Strange New Worlds, sabon reshen shirin, ya fitar da "Subspace Rhapsody", inda ma'aikatan kumbo ke magana da waƙa, har ƴan Klingon suka yi rawa irin ta samarin mawaƙan Koriya. Wasu suka yi murna, wasu suka ce an zubar da mutuncin gidan, kuma cikin hujjojin masu murna akwai tunatarwa cewa an taɓa binne Kirk cikin gashi.

Kalmar ita kuwa ta yi ta tafiya. Marc Okrand, masanin harshe da ya yi digirinsa na uku kan harshen Mutsun na Kalifoniya, ya gina wa ƴan Klingon cikakken harshe, ƙamusunsa ya fito a 1985. A ciki dabbar tana da suna, yIH, mai ƙarewa da sautin maƙogwaro irin na harafin kha a Larabci. Masu fassara zuwa Faransanci sun taki sa'a: suka kira dabbar tribule, suka sa wa kashin suna "Tribulations", kalmar da dama tana nufin wahalhalu. Bahaushe fa? Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka bakinsa zai mai da tribble ta koma tiribul. Aron ya yi, amma wasan ya mutu, domin tiribul ba ta tuna wa kowa komai.

Dare biyu ɗalibar ta yi tana jera kalmomi marasa ma'ana, kamar yadda Gerrold ya yi. Ta gwada fitina, ta gwada rikici, ta gwada wahala. A kan matsala ta tsaya, ta samu mitsila, wadda kunne ke ji kamar ƴar'uwar mitsitsi da ɗan mitsil. Scotty na iya cewa: a can ba za su zama wata mitsila ba. Ƙanenta ya yi dariya kafin ta yi masa bayani, ta rubuta hakan a matsayin sakamakon gwaji na farko.

Ta koma wurin malamin da shafi huɗu. Ba ta sauya batu ba. Ta ƙara sashe kan abin da mai sauraro ke buƙatar sani kafin wasa da kalma ya ci, da abin da ke faruwa idan aka ƙetare da shi zuwa wani harshe. Ya karanta shiru har ya kai shafi na uku. Nan ya ɗan yi tari, ya rufe baki da hannu, ya ɗauki jan biro.

"A Turancin wasali ɗaya ne ya sauya," in ji shi. "Ke kin sauya biyu."

"Haka ne, Malam. Idan na ce mitsala, ɗaya ne, amma ba a jin ƙanƙantar."

"To wanne ya fi, kusancin sauti ko kusancin ma'ana? Kuma wane karin sauti kika ɗora mata? In bai bi na matsala sak ba, Bahaushe ba zai ji su tare ba."

Ba ta yi tunanin karin sautin ba, ta faɗa masa hakan. Ya ja layi a ƙarƙashin kalmar sau biyu, ya rubuta tambayoyi uku a gefen shafi, ya ce ta gwada siga biyun a kan mutum ashirin, rabi daga Maraɗi rabi daga Damagaram, ta kawo masa abin da ta samu ranar Alhamis. Kan batun kundin bai ce e ba, bai ce a'a ba.